Wa ke riƙe da makunnin? Yadda jami'a ke jawo ɗalibai da ma'aikata cikin kula da muhalli

A watan Oktoban 1990, shugabannin jami'o'i 22 daga ƙasashe daban-daban suka hallara a wani ƙaramin gari mai suna Talloires a Faransa, bisa gayyatar Jean Mayer, wanda ke jagorantar Jami'ar Tufts ta Amurka a lokacin. Suka rattaba hannu a kan takarda mai ƙudurori goma, inda suka yi alkawarin cewa jami'o'insu za su koyar da kula da muhalli, su yi bincike a kansa, su kuma zama abin koyi wajen tattalin makamashi da rage shara. Yau waɗanda suka sa hannu a wannan takarda sun haura 500. Bayanta an yi taron muhalli na duniya a birnin Rio na Brazil a 1992, an yi shekaru goma na Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimin ci gaba mai ɗorewa daga 2005 zuwa 2014, sannan muradun ci gaba mai ɗorewa 17 na 2015 suka zo. Ta fuskar alkawari dai, jami'o'i ba su bar komai a baya ba.

Sai dai shugaban da ya sa hannu ba shi ne ke fita ƙarshe daga ɗakin lacca ba. Ba shi ke yanke shawarar ko na'urar sanyaya ofis za ta kwana a kunne ba, ba shi ke rubuta odar takardu da sinadarai ba, ba shi ke kwashe kwandon shara da asuba ba. Babbar jami'a gari ce guda, mai dubban mazauna, da ɗakunan kwana, da wuraren girki, da asibiti, da motoci, da ɗakunan gwaje-gwaje waɗanda ba sa barci. Wutar da take sha da ruwan da take zubarwa tarin ƙananan hukunce-hukunce ne da mutane da yawa ke yankewa kullum, galibi ba tare da sun lura sun yanke ba. Shi ya sa duk jami'ar da ta ɗauki lamarin da gaske take cin karo da tambaya guda: ta yaya za a sa waɗannan mutane su shigo ciki?

Amsar da aka fi gudu zuwa gare ta ita ce wayar da kai. A buga fosta, a manna takarda kusa da makunni, a ware rana guda a shekara a raba riguna, a gayyato baƙo ya yi jawabi. Ban raina wannan ba, domin akwai wanda a nan ne zai fara jin maganar. Amma masu nazarin ɗabi'ar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa tsakanin sani da aikatawa akwai tazara mai faɗi. Anja Kollmuss da Julian Agyeman sun tattara binciken da aka yi a kan wannan a 2002, suka nuna cewa ƙarin ilimi a kan muhalli shi kaɗai ba kasafai yake sauya abin da mutum ke yi ba. A jami'a kuwa abin ya fi fitowa fili, tunda nan ne matattarar masu ilimin. Malamin da ke koyar da sauyin yanayi yana iya barin kwamfutarsa a kunne tsawon hutu, ba don bai sani ba. Abin da nake gani shi ne, mutane ba sa shiga aikin da aka ɓoye musu lissafinsa, aka hana su ta cewa a cikinsa, aka kuma ɗora musu shi a kan aikinsu ba tare da an rage musu komai ba. Inda aka gyara waɗannan, ba a cika buƙatar roƙo ba.

Mu fara da lissafin. A yawancin jami'o'i takardar kuɗin wuta guda ce, tana zuwa ofishin ma'aji, a biya daga babban asusu. Shugaban sashen ilimin sinadarai bai taɓa ganin abin da gininsa ya sha ba. Ɗalibin da ke ɗakin kwana ya biya kuɗin masauki a dunƙule tun farkon zango, ko ya kashe fitila ko ya bar ta, aljihunsa bai san bambanci ba. Wasu gine-ginen ma ba su da mitar kansu, don haka ko an so a faɗa wa mutane abin da suke sha, babu mai iya faɗa.

A 2005 Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio a Amurka ta gwada abin da zai faru in an buɗe wannan lissafi. Aka shirya gasar makonni biyu tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, a ga wa zai fi rage shan wuta da ruwa. Wasu gidajen an ba su damar ganin abin da suke sha nan take a intanet, wasu kuma sau ɗaya a mako ake karanta musu mita. Gaba ɗaya shan wuta ya ragu da kashi 32 cikin ɗari. Gidajen da ke ganin lissafinsu nan take sun rage kashi 55, masu jiran ƙarshen mako suka rage kashi 31. Ruwa kuwa da ƙyar ya motsa, kashi 3 kacal. Darussa biyu ne a nan. Na farko, da zarar mutum ya ga lamba tana sauka saboda abin da ya yi da hannunsa, sai ya ƙara himma. Na biyu, gasa tana da iyaka. Ɗalibi zai iya zare filogin ƙaramin firjinsa ya yi karatu a laburare na makonni biyu don gidansu ya ci kyauta, amma ba zai rayu haka shekara huɗu ba. Abin da ya kamata ya rage bayan an raba kyauta shi ne mitar da allon da ke nuna lambar, a ci gaba da sabunta shi ko ba gasa.

Yadda ake faɗin lambar ma yana da tasiri. Wani bincike da Wesley Schultz da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, a kan gidaje a garin San Marcos na jihar Kalifoniya, ya gano cewa in ka gaya wa mutane matsakaicin abin da maƙwabtansu ke sha, masu wuce gona da iri sukan rage, amma masu tattali sukan ƙara, kamar sun ga an bar su a baya. Da aka haɗa wa masu tattalin da ɗan zanen fuska mai murmushi, alamar yabo, sai suka tsaya a inda suke. Fostar da ke kukan cewa "yawancin ɗalibai ba sa kashe fitila" tana gaya wa mai karatu cewa barin fitila shi ne abin da kowa ke yi, ta ba shi uzuri ke nan.

Bayan ganin lamba sai maganar wa ke cin ribar tattalin. In sashe ya takura kansa ya rage shan wuta, kuɗin ya koma babban asusu ba ko godiya, a shekara mai zuwa ba wanda zai sake wahalar da kansa. Wasu jami'o'i sun magance wannan ta hanyar ware wa kowane sashe kason wuta bisa abin da ya saba sha. In ya rage a ba shi rarar ya yi abin da ya ga dama da ita, in ya zarce ya biya. Wasu kuma, irin su Harvard, sun kafa asusu mai juyawa: a ranta wa sashe kuɗi ya sauya fitilu ko ya gyara injin sanyaya gini, a riƙa mayar da bashin daga abin da aka rage a takardar wuta, sannan a ranta wa wani. Kyawun wannan tsari shi ne ya ba ƙaramin ma'aikaci ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mutumin da ya san wani famfo ya shekara yana yoyo, ya kai ƙara sau da dama aka ce babu kasafi, yanzu yana da inda zai kai lissafinsa a ba shi amsa.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a duba da kyau shi ne ɗakin gwaje-gwaje, domin a jami'ar da ke bincike nan ne wuta ke tafiya. Irin waɗannan ɗakuna suna shan makamashi ninkin ba ninkin na ofis mai girmansu. A cikinsu akwai wani akwati mai ƙofar gilashi da ake zugewa sama da ƙasa, inda mai bincike ke haɗa sinadarai masu tururi mai guba. Fanka na zuƙe iskar ciki tana fitar da ita ta saman gini, dare da rana. Duk iskar da aka fitar, sai an shigo da wata daga waje an sanyaya ta ko an ɗumama ta, shi ya sa akwati ɗaya kan iya cin makamashin gidaje uku ko fiye. A na zamani, ƙarfin zuƙar yana bin buɗewar gilashin: in an sauke shi, fankar ta rage gudu. Wato ɗalibin digiri na uku da ya gama aiki da ƙarfe goma na dare, ya cire safar hannu, ya ɗauki jakarsa, yana da zaɓi na daƙiƙa biyu, ya ja gilashin ƙasa ko ya bar shi a hangame har safe. Harvard ta fara gasar rufe wannan gilashi tun 2005 a sashen sinadarai, ana nuna wa kowane ɗaki yawan iskar da yake fitarwa. Amma a tsofaffin akwatunan da fankarsu ke gudu ɗaya ko a buɗe ko a rufe, sauke gilashin yana kare lafiya ne kawai, ba ya rage wuta. Wanda ya san wane iri ne a wane ɗaki shi ne injiniyan gini da ma'aikacin fasaha na ɗakin. In aka shirya kamfe ba tare da su ba, za a yi ta yi wa mutane wa'azi a kan abin da ba zai motsa mita ba, kuma ranar da suka gano haka sun daina saurare.

Haka batun firizar adana samfuri, wadda ake saitawa a digiri 80 ƙasa da sifili. Guda ɗaya tana iya shan wutar gida guda. In aka ɗaga ta zuwa 70 ƙasa da sifili, ana iya rage shan wutarta da kusan kashi 30 cikin ɗari, injin kuma ya ƙara daɗewa. Amma ka je ka ce wa mai bincike ya taɓa sanyin firizar da ke ɗauke da aikinsa na shekara goma, ka ga kallon da zai yi maka. Kuma da gaskiyarsa. Ba zai yarda don an manna takarda ba. Zai yarda in wani abokin aikinsa a irin fanninsa ya nuna masa cewa nasa samfuran sun shekara a haka lafiya, kuma an bar masa hukuncin waɗanda ba za a taɓa ba. Galibi ma ana gano cewa rabin abin da ke cikin firizar na ɗaliban da suka gama ne tuntuni, babu suna babu kwanan wata, kowa na tsoron zubarwa. Tsarin LEAF na rage ɓarna a ɗakunan gwaje-gwaje, da Kwalejin Jami'a ta Landan ta ƙirƙiro, wanda jami'o'i da dama suka ɗauka, ya ginu ne a kan wannan fahimta: matakai ne da mutanen ɗakin gwajin ke bi da kansu, wasu takwarorinsu su zo su duba.

Wannan ya kawo mu ga mutanen da aka fi mantawa da su. In aka ce "ma'aikata" a takardun manufa, hankali yakan tafi ga malamai. Amma masu shara da goge-goge, da masu kula da shuke-shuke, da masu girki, da masu gadi, da direbobi, da ma'aikatan sashen gyare-gyare, su ne suka san harabar ciki da bai. Mai gadin dare ya san ginin da fitilunsa ke kwana a kunne. Mai girki ta san abin da ke dawowa a faranti ba a taɓa ba. A jami'o'i da yawa waɗannan ma'aikatan kwantiragi ne, ba su da adireshin imel na jami'a, don haka duk sanarwar da aka aika ba ta isa gare su, balle a gayyace su taro.

Dubi abin da ke faruwa da rarraba shara. Kwamiti ya zauna ya sayo kwanduna masu launi uku, na takarda, na roba, na sauran tarkace, aka jera su a baranda. Ɗalibi ya zo da kofin takarda da sauran shayi a ciki, ya tsaya ɗan jim, ya jefa a na takarda. Shayin ya jiƙa abin da ke ƙasa, kofin kansa kuma yana da shafen roba a ciki wanda yawancin masana'antun sarrafa takarda ba sa karɓa. Da asuba mai shara ta zo da amalanke mai buhu ɗaya, an ba ta hawa uku ta gama kafin a fara lacca, ba a ƙara mata minti ko ɗaya ba. Ta juye kwandunan uku wuri guda. Wani ɗalibi ya hango ta, labari ya bazu cewa duk yaudara ce, daga nan kowa ya daina wahalar da kansa. A ƙarshe laifin ya faɗa kanta, alhali da an tambaye ta tun farko da ta faɗi inda ya dace a ajiye kwandunan, da irin amalanken da take buƙata, da cewa motar da ke zuwa kwasa ma wuri ɗaya take zubawa. Wannan rashin adalci ne, kuma yana ci mini rai, domin ana yinsa ne da sunan gyara.

Ga kuma gaskiyar da ya kamata a faɗa wa ɗalibai ba ɓoye-ɓoye: ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta OECD ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Tun da Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin sharar roba ta waje a 2018, kasuwar gaurayayyar shara ta ƙara taɓarɓarewa. Don haka jami'ar da ta tattara ƙarfinta a kan kwanduna ta kama reshe ne. Hana sharar shigowa ya fi, kuma wannan yana hannun jami'in saye-saye da mai kula da kwantiragin ɗakin cin abinci. Wani bincike da kamfanin samar da abinci na Aramark ya yi a jami'o'in Amurka a 2008 ya nuna cewa cire tire kawai, mutum ya ɗauki farantinsa a hannu, ya rage abincin da ake zubarwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Ba a yi wa kowa huɗuba ba, an sauya tsarin wurin ne. Sai dai ko wannan, in aka wayi gari aka kwashe tire ba shawara, ba a yi tanadi ga masu buƙata ta musamman ba, zai jawo hayaniyar da za ta mayar da hannun agogo baya.

Ɗalibai kuma matsalarsu daban ce: suna da zafin nama, amma masu wucewa ne. Ƙungiya ta taso da ƙarfinta a hannun mutum biyar, su yi shekara biyu suna koyon wa ake gani a wane ofis, da sun fara gane hanya sai su kammala. Waɗanda suka biyo baya su faro daga tushe, su maimaita binciken da aka riga aka yi, su sake jin "za mu duba" daga bakin jami'in da ya san cewa in ya yi haƙuri zango biyu, masu damunsa za su tafi.

A 2010 ɗaliban Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan suka fito da wata mafita da ta bazu zuwa jami'o'i da dama a Turai: ofishin muhalli wanda ɗalibai ke gudanarwa, amma yana cikin tsarin jami'a a hukumance, da kasafinsa, da ɗakinsa, da ma'aikaci na dindindin da ke aiki tare da su. Ɗaliban ana biyansu a matsayin masu aikin wucin gadi. Biyan nan ba ƙaramin abu ba ne. Aikin sa-kai yana tace mutane: wanda ke fita neman abin biyan kuɗin makaranta bayan lacca, ko mai ɗawainiyar iyali, ba shi da yammacin da zai bayar kyauta. In aka dogara da sa-kai kaɗai, sai harkar muhalli ta zama ta masu sukuni, fuskoki iri ɗaya a kowane taro, sauran ɗalibai su ɗauka ba tasu ba ce. Ma'aikacin dindindin kuwa shi ne ke riƙe tarihin, ya miƙa wa sababbi fayil ɗin da tsofaffi suka bari.

Hanya ta biyu ita ce a shigar da aikin cikin karatun kansa. Jami'ar British Columbia a Kanada tana da shiri mai suna SEEDS tun farkon shekarun 2000, inda ma'aikacin da ke da matsala ta gaske, misali a sashen ruwa ko ɗakin girki, ke haɗuwa da malami da ɗalibansa, su mayar da ita aikin kwas mai maki. Ɗalibin injiniya ya auna asarar zafi a wani gini, na nazarin halayyar ɗan Adam ya gwada wane irin rubutu a kan kwando ya fi aiki, na lissafin kuɗi ya fitar da shekarun da sabon inji zai ɗauka kafin ya biya kansa. Rahotannin ana ajiye su inda kowa zai gani. Wannan ya fi ƙara kwas guda na dole a kan muhalli wanda za a haddace a zubar a jarrabawa. Sharaɗinsa guda ne: sashen gyare-gyare ya yarda ya saki bayanansa, ko da za su tona inda ake ɓarna.

Akwai wani nau'in shigowar ɗalibai da hukumomin jami'a ba su cika so ba, wato matsin lamba. Amma tarihi ya nuna manyan sauye-sauye da dama daga nan suka fito. A Kwalejin Middlebury ta jihar Vermont, ɗalibai ne suka matsa har majalisar amintattu ta amince a 2007 cewa za a daidaita hayaƙin kabon na makarantar zuwa sifili kafin ƙarshen 2016, aka kuma cika alkawarin, ko da yake wani ɓangare an cike shi ne da lissafin kabon da dazukan makarantar ke riƙewa, abin da har yanzu masana ke muhawara a kan ingancinsa. A 2014 Jami'ar Glasgow ta zama ta farko a Turai da ta yanke shawarar janye jarinta daga kamfanonin mai da kwal, bayan fafutukar ɗalibanta. Harvard ta yi kusan shekara goma tana cewa a'a, sai a Satumban 2021 ta sanar da cewa za ta bar irin wannan jari. Mutum na iya saɓa wa ɗaliban a kan ko janye jari yana rage hayaƙi a zahiri, kuma akwai masana tattalin arziki masu shakkar hakan. Abin da ba zai yiwu ba shi ne jami'a ta ce tana son ɗalibai su damu da muhalli, amma damuwar ta tsaya a kashe fitila, kada ta kai ga tambayar inda aka zuba kuɗi. Wanda ka koya wa karanta mita, wata rana zai nemi ganin kasafi, kuma ya kamata a ɗauki hakan a matsayin nasara.

Malamai su ma akwai inda takalmin ke matsa su. Lokacin da jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan ta yi lissafin hayaƙinta, ta tarar fiye da rabinsa daga tafiye-tafiyen jirgin sama na aiki yake fitowa. Ba ta kafa doka daga sama ba. Ta nemi kowane sashe ya zauna ya tsara abin da zai iya ragewa da yadda zai yi. Dalilin a fili yake. Ƙaramin malami yana buƙatar zuwa taruka don a san shi ya samu ƙarin girma, haka mai bincike daga ƙasar da ke nesa da cibiyoyin ilimi, alhali galibin tafiyar manyan farfesoshi ne ke yin ta. Doka guda ga kowa za ta danne na ƙasa ne. Muddin kuma takardar ƙarin girma tana ƙirga tarukan ƙasashen waje, ba ta ƙirga awannin da malami ya kashe yana gyara manhaja ko jagorantar ɗalibai a aikin harabar, to an riga an gaya masa abin da jami'a ta fi daraja.

Game da jadawalin gasa tsakanin jami'o'i, irin STARS na Amurka da UI GreenMetric na Jami'ar Indonesiya, waɗanda dukkansu suka fara a 2010, amfaninsu shi ne suna tilasta a tattara bayanai. Haɗarinsu shi ne galibi jami'a ce ke ba da rahoton kanta, kuma ƙirga taruka nawa aka yi ya fi sauƙi a kan nuna abin da ya sauya.

Ba kowace jami'a ke da kuɗin Harvard ba, kuma a wurare da yawa a duniya matsalar ba yawan shan wuta ba ce, rashinta ne. Inda janareta ke cinye kasafi, ruwa ke yankewa a ɗakunan kwana, maganar hayaƙin kabon ba za ta taɓa zuciyar ɗalibi ba kamar maganar wutar karatu da dare. Wannan ba cikas ba ne, hanya ce mafi kusa. Jami'ar Strathmore a Nairobi ta shimfiɗa faifan hasken rana mai ƙarfin kilowat 600 a rufin gine-ginenta a 2014, har tana sayar wa kamfanin lantarki na ƙasar rarar, kuma tana da cibiyar horar da masu harhaɗa irin waɗannan na'urori. Faifan da ƙura ta rufe ƙarfinsa raguwa yake, don haka ko a nan sai an koma ga tambayar wa zai wanke, wa zai duba lambobin, wa za a kira in inji ya tsaya.

Dashen itatuwa shi ne aikin da kusan kowace jami'a ke farawa da shi, domin yana da kyan hoto kuma kowa na iya yi. Wangari Maathai, wadda ta koyar a Jami'ar Nairobi kafin ta kafa ƙungiyar Green Belt a 1977, ta kuma karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta gina aikinta a kan wata ƙa'ida da ya kamata kwamitocin jami'a su ara: ɗan ladan da ake bai wa matan da ke renon dashe yana zuwa ne a kan itacen da ya rayu, ba wanda aka binne ba. A harabar jami'a wannan yana nufin a tambayi mai kula da shuke-shuke wane iri ne ƙasar ke karɓa, a dasa a lokacin da ya dace ko da bai zo daidai da ranar biki ba, a san wa zai yi ban-ruwa a dogon hutu sa'ad da ɗaliban da suka dasa suka watse, a kuma sa kuɗin wannan ban-ruwa a kasafi tun kafin a haƙa rami. Bayan shekara guda a koma a ƙirga. In an dasa ɗari biyar, tamanin suka rayu, a rubuta tamanin a rahoton shekara, a kira waɗanda suka yi aikin, har da mai tiyo, su faɗi abin da ya kashe sauran kafin a sayo wasu.